Hula ba ta riƙe wuri a jirgin ruwa

Daga Garwa, zuwa ga ɗana Salihu, autan gidan nan.

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Aminatu, da fatan kun isa Yawunde lafiya kuma an ba ku takardunku ba tare da wahala ba. Allah ya tsare ku a ƙasa, ya tsare ku a sama, ya tsare ku a kan ruwa. Innarka tana gaishe ku. Tana zaune kusa da ni a kan tabarma tana jan carbi, tana jin ƙarar biro a kan takarda, ta ce in rage surutu. Ka san ba zan rage ba.

Labarin gida ba shi zan ba ka ba, yayyenka za su cika maka waya da shi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar da kawunka Buba ya yi, cewa idan kun sauka wurinsa a birnin Marsai na bakin teku, kafin ka fara karatu, zai saka ku a babban jirgin ruwan nan na yawon buɗe ido, mako guda, irin wanda ya saka mu ni da innarka kana ɗan firamare. Na ga yadda idonka ya yi haske ranar da ka ji. Tun kana ƙarami kake zama a gabana kana cewa in sake ba ka labarin dutsen da ke hayaƙi a tsakiyar teku. Akwai gyara a cikin labarin nan, kuma ba na so ka taka jirgin ba ka ji shi ba. Amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, don babban yana da nauyi a baki.

Ka dai san dalilin tafiyarmu. Idon innarka ya fara dushewa, kawunka ya kai ta wurin 'yan'uwansa likitocin can, suka duba suka ce ba abin da za a iya yi, ganin zai yi ta raguwa har ya tafi. Shi ne kawunka ya ce, to, kafin ya tafi, yayarsa za ta ga teku. Aiki bai bar shi ya bi mu ba, ya saya mana wuri mu biyu. Wato tafiyar duk tata ce, ni ɗan rakiya ne.

Salihu, ranar da muka isa bakin tashar jiragen, na tsaya ina neman jirgin ban gan shi ba. Na tambayi kawunka ko yana bayan wannan dogon farin ginin ne. Ya yi dariya ya ce ai ginin shi ne jirgin. Na ɗaga kai har hulata ta faɗi. Ni da na girma a bakin Binuwai, na ga ambaliya ta cinye gonaki, na ga dorina ta kife kwalekwale, ina ganin na san ruwa. Ashe ban san komai ba. Bene kan bene har na daina ƙirga, mutanen da ke cikinsa sun fi na kasuwar Pitowa ranar da take ci, kuma duk wannan ƙarfe yana zaune a kan ruwa bai nitse ba. Na ce subhanallahi ya fi a ƙirga. Innarka ta riƙe hannun rigata ta ce, “Malam, wannan ne zai motsa?” Na ce mata haka suka ce.

Kuskurena na farko a nan ƙofar na yi shi. Ka san al'adarmu, abu mai daraja a ƙasan akwati yake kwana. Na naɗe fasfo ɗinmu da biza da katin rigakafi a cikin wani zanen innarka, na tura su can ƙarƙashin kaya, na sa kwaɗo. Muna isa ma'aikata suka liƙa wa akwatin lamba suka tafi da shi. Ban damu ba. Shekara nawa na yi ina kamasho a tashar motocin Pitowa, in mutum ya manta abu a kayan da aka ɗaure a saman mota, hannu kawai nake ɗagawa a kwance igiya. Da muka zo gaban matar da ke duba takardu ta miƙo hannu, na ce mata da ɗan faransancina cewa suna cikin akwati, a sauko mini da shi. Ta dube ni kamar na ce a sauko mini da wata. Tun hantsi muke zaune a benci har bayan azahar kafin a tono akwatin nan daga cikin dubban akwatuna, maganin ɗigawar innarka ma yana ciki, idonta yana ta ƙaiƙayi.

Don haka ka saurara. Fasfo, biza, katin rigakafi, takardar jirgin, takardar inshora da duk wani magani da kuke sha, a ƙaramar jaka za su zauna, jakar kuma a jikinka. Ka duba ranar da fasfo ɗinku zai mutu tun yanzu, domin in kwanansa ya kusa ƙarewa suna iya hana ku shiga ko da bai mutu ba. Ka tambaya ko bizarku ta isa duk ƙasashen da jirgin zai tsaya, kar ka ce ai kawu ya sani. Ku yi fotokofin komai kashi biyu, ɗaya wurinka ɗaya wurin Aminatu, ku kuma ɗauki hotonsu a waya. Sannan ku je tashar da wuri, a lokacin da aka rubuta muku.

Na biyu, ba mu daɗe da shiga ɗakinmu ba aka kira ni wani ofis a can ƙasa. Na tarar da akwatina a buɗe a kan tebur, an jera kayana: ƙaramin kaskon shayina, ƙullin gawayi, turaren wutar innarka, wuƙata mai kube, da kilishin da muka yo guzuri. Wani jami'i mai ladabi ya ɗaga gawayin ya tambaye ni me zan yi da shi. Na ce shayi. Ya ce a ina. Na ce a ɗaki, ko a ɗan barandar nan. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, “Baba, a nan ba ruwa muke tsoro ba, wuta muke tsoro. In ta tashi, ina za mu gudu?” Maganarsa gaskiya ce. Suka riƙe kasko da wuƙa sai ranar sauka, kilishin kuwa ban sake ganinsa ba, Allah ya sa wanda ya ci ya ji daɗin yajin. Kada ku ɗauki abin da ke kama wuta ko yake zafi, ko dutsen guga ne, ko butar lantarki. Ka gaya wa Aminatu ta bar turarenta a gidan kawu, na kwalba ya ishe ta. Shayi kuwa yana nan a jirgin ko'ina, sai dai ba shi da ƙarfi, ka yi haƙuri da shi.

Na uku ya fi ban kunya. Kafin jirgi ya tashi sukan busa wata ƙara, kowa ya je wurin da aka rubuta masa, a nuna masa yadda ake sa rigar ceto da inda ƙananan jiragen tsira suke. An yi sanarwa, ni ban kula ba, na ɗauka irin surutun lasifikar tasha ne. Ina kwance ina hutawa sai na ji ana kiran sunana da na innarka, jirgi kaf yana ji. Muka fito muka tarar da ɗaruruwan mutane a tsaye suna jiran mu biyu. Innarka ta ja mayafi ta rufe fuska. Ku je wannan taron da ƙafarku tun kafin a neme ku. Ka karanta takardar da ke bayan ƙofar ɗakinku, ka bi hanyar da ta nuna sau ɗaya kai da matarka har ku san ta, don in wani abu ya faru ba a hawa na'urar hawa bene, matakala ake bi.

Za su ba kowannenku wani ɗan kati. Shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidarka in za ka fita ko za ka dawo, da shi kuma ake sayayya a ciki. Ka rataya shi a wuya, kada ka ba kowa, kada kuma ka riƙa miƙa shi duk inda aka yi maka murmushi. Wurin abinci ka buɗe baki ka tambaya me ke ciki, ba abin kunya ba ne, akwai kifi da kayan lambu da shinkafa da ba za ka iya cinyewa ba. Kada ka jefa komai a teku, ko ɓawon lemo. Alƙibla kuma a can ba ta zama wuri ɗaya. Ranar farko na shimfiɗa darduma na fuskanci inda na yi azahar zan yi la'asar, ashe jirgi ya juya. Wani ma'aikaci ɗan Indonesiya, musulmi, shi ya nuna mini yadda zan duba kafin kowace salla. Ka nemi irinsa, ba a rasa su.

Ba na so tsorona ya rage maka daɗin abin. Wallahi Salihu, safiyar farko da muka fito bayan asuba muka ga babu ƙasa ta ko'ina, gabas ruwa, yamma ruwa, sai da na yi salati. Ruwan ba irin na Binuwai ba ne, shuɗi ne mai duhu kamar an zuba baba a rini. Rana ta fito daga cikinsa muna kallo. Innarka ta kama ƙarfen baranda da hannu biyu, ta buɗe idon nan nata iya buɗewa, ta ce, “Malam, ina gani. Duk ina gani.” Ta yi ta karanta abin da ta haddace a hankali, hawaye yana zuba, tana dariya. Tun da na aure ta ban taɓa ganinta haka ba. Kwana uku muka yi a haka, kullum ita ke tashe ni mu je kallo.

A rana ta huɗu jirgin ya tsaya a wani gari na ƙasar Italiya. Hasken rana a kan ruwa ya fara damun idonta, na ce zan sauka in sayo mata baƙin tabarau, ita ta zauna ta huta. An rubuta a allo a bakin ƙofar fita cewa kowa ya dawo kafin ƙarfe huɗu da rabi. Na gani da idona, ba zan ce ban gani ba. Ina fita daga ɗaki ta ce, “Malam, hularka.” Na waiwaya na ga hular a kan gado, na ce, “Bar ta nan ta riƙe mini wuri.” Muka yi dariya.

Wasa na yi, amma a cikin raina ba wasa ba ne. Kai ka san aikina. A tasharmu in mutum ya ajiye hula ko buta ko ɗankwali a kan kujera, ya kama wuri ke nan, mota ba ta tashi sai an nemo shi. Sau nawa na tsaya a gaban mota cike da fasinja, direba yana zagi, na ce ba inda za a je sai mai butar nan ya idar da salla. Da wannan aka san ni daga Garwa har Tuboro, da shi nake alfahari. Sai na ɗauka duniya duk haka take. Na ce a raina, mutumin da kayansa ke ciki, fasfo ɗinsa ke ciki, matarsa ke ciki, wane direba ne zai tafi ya bar shi?

Na samu masu sayar da tabarau a bakin wata hanya, baƙaƙen fata irina. Ina juya wani a hannu, na yi wa kaina magana da fulatanci cewa ya yi tsada. Mai kayan ya ɗago kai da sauri ya gaishe ni da fulatanci, “Jam na?” Salihu, mutumin Pitowa ne. Hamadu sunansa, na san unguwarsu, na san kawunsa da ke kai auduga wurin awo. Shekarunsa da yawa bai ga wanda ya fito daga gida ba. Ya rungume ni yana kuka, ya tattara kayansa ya ce sai na je ɗakinsa na sha shayi. Ka gaya mini, ɗan wa zai ce a'a? Ya ɗora shayi na gaske, a kan wuta. Muka sha na farko yana tambayata wa ya mutu wa ya yi aure. Na duba agogo bayan na biyu, na ga lokaci ya matso, na yunƙura. Ya ce haba Baba, ka tashi ba ka sha na uku ba, me na yi maka? Na koma na zauna. Na ce masa kada ya damu, iyalina na ciki, za su jira.

Muna cikin na ukun ne na ji ƙahon jirgin, wata ƙara mai shiga ƙirji. Hamadu ya ajiye kofi, fuskarsa ta canja, ya ce, “Baba, tashi.” Muka yi gudu, ni da girmana, takalmi ɗaya ya fita na ɗauke shi a hannu. Da muka iso bakin ruwa an riga an janye gada, an kwance igiyoyi. Tsakanina da jirgin bai fi faɗin titi ba. Na ɗaga hannu yadda na saba ɗaga wa direbobi, na yi ihu da hausa da fulatanci da faransanci. Farin ginin nan ya ci gaba da ja da baya a hankali, ko gezau. Ban taɓa ganin abu mai girma da kwarjini kamarsa a lokacin ba, ban kuma taɓa jin ƙanƙantata kamar ranar ba. Can sama a bayan jirgin na hango mayafi ruwan goro, na san ita ce.

Wani mutum ya zo riƙe da ambulan ɗin takardu a hannu, wakilin jirgin ne a garin. Ashe sun yi ta kiran sunana, da ba a gan ni ba suka je ɗaki suka karɓi fasfo ɗina wurin innarka suka bar masa. Wannan ce kaɗai alfarmar da suke yi. Hamadu ya kira kawunka, ya kwana da ni a ɗakinsa, washegari ya ba ni tabarau ya saka ni a jirgin ƙasa. Sai bayan kwana biyu na cim musu a wata tashar.

Ga gyaran da na ce maka. Dutsen da ke hayaƙi, wanda na ce ya fito daga cikin teku shi kaɗai, da fararen gidaje a gindinsa, da manyan kifaye suna tsalle a gaban jirgi, ban gan shi ba. A safiyar da suka wuce shi ina cikin jirgin ƙasa. Wata baiwar Allah 'yar Senegal, fasinja, wadda ta ga innarka ita kaɗai ta kula da ita, ita ta ba ni labarinsa bayan na dawo. Na haddace, na ƙara gishiri, na zo ina ba ku kamar ni na gani. Duk lokacin da nake bayarwa innarka tana gyaɗa kai tana cewa haka ne, don ta rufa mini asiri a gaban 'ya'yana.

Ita ma ba ta gan shi ba. Matar nan ta gaya mini cewa tun da jirgin ya tashi innarka take tsaye a bayansa tana kallon inda aka bar ni, har magariba. Da asuba ta koma wurin. Da aka yi sanarwar dutsen, jirgi kaf ya ɗunguma gaba, kowa da wayarsa. Matar ta zo ta ja hannunta, ta ƙi. Ba ta jin yaren kowa, ba wanda ya iya fahimtar da ita cewa ina lafiya, ita dai a ganinta in zan biyo su da wani ƙaramin jirgi ta nan baya zan ɓullo. Kafin jirgin ya wuce dutsen har ta iya ganinsa ta bayan, kuka ya kumbura mata ido, matar ta kai ta ɗaki ta ɗiga mata magani. Kwana bakwai aka saya wa idonta, na cinye biyu a kan kofin shayi. Na tambayi kawunka ko kukan ne ya gaggauta makantar, ya ce a'a, ba ruwansa. Na yarda da shi don likita ne, amma har yau abin yana ci na.

Da na shiga ɗakin ranar da na dawo, tana zaune a bakin gado, hular tana nan inda na bar ta, ba ta bari mai gyaran ɗaki ya taɓa ta ba. Na miƙa mata tabarau. Ta karɓa ta saka, ta ce, “Sannu da zuwa, Malam. Ga wurinka nan an riƙe maka.” Daga ranar har yau ba ta sake tayar da zancen ba.

Ina gaya maka ne don kai ne ka ɗauko ni a cikin 'ya'yana. Kai ma in aka aike ka sayen gishiri sai ka gaisa da rabin unguwa. Halin kirki ne, kada ka bar shi, amma jirgin ruwa bai san shi ba. In kun sauka a wani gari, ku sauka tare, ku dawo tare. Ka saita agogonka da agogon jirgin, kada ka dogara da na waya, yana canjawa da kansa. Lokacin da aka rubuta a allo, ka rage masa awa guda, wannan shi ne naka. Ka sa takardar da ke ɗauke da lambar wakilin jirgin a aljihu kafin ka fita. In ka haɗu da ɗan gida, ko daga cikin gidan nan ya fito, ka rungume shi, ka karɓi lambarsa, ka sha kofin farko a tsaye, ka ce masa ubanka ya riga ya sha maka sauran biyun.

Yanzu na karanta wa innarka abin da na rubuta. Ta ce na manta ban faɗa maka cewa takalmin da na riƙe a hannu ma na bar shi a ɗakin Hamadu ba. Ta kuma ce in rubuta maka saƙonta yadda ta faɗa, kada in ƙara gishiri. Ta ce ranar da aka yi sanarwar dutsen, ka kama hannun Aminatu ku je can gaba ku tsaya. Ku duba da kyau, kada ku tsaya ɗaukar hoto, hoto ba ya mata amfani. Ka ga launin hayaƙin, ka ƙirga gidajen in za su ƙirgu, ka ga ko da gaske kifayen suna tsalle. In ka kira waya ka ba ta labarin da bakinka, tun daga farko, don ta gaji da gyaɗa kai a kan abin da ba wanda ya gani a gidan nan.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ruwa ya yi muku sanyi, ya haɗa ku da mutanen kirki irin matar nan da irin Hamadu. Allah ya yi muku albarka, ya sa mu ji muryarku cikin alheri. Ni ma zan zauna kusa da wayar in saurara.

Mahaifinka,
Ummaru